Kowa Ya Ce Basir Ne

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina zaune a Karu da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Karatuna iyakarsa sakandare, kuma ni mutum ce da ba ta iya ƙin karɓar alherin kowa. Shi maigidan nawa ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Ƙarar buta na fara lura da ita. Da safe ya gama shirin ofis, sai in ji an dire buta a banɗaki, can an sake, an kuma sakewa, har shayinsa ya huce. Da ƙyar ya faɗa mini, kansa a sunkuye, cewa jini yake gani.

Ni na fara cewa basir ne. Na kira yayarsa, ta ce ai na gado ne, ta aiko da sassaƙe a motar haya. Daga nan duk wanda ya zo dubiya da ƙullinsa. Maƙwabciyarmu 'yar Ushafa ta kawo saiwa har da tukunyar ƙasar dafa ta, ta ce oga zai miƙe kafin ta dawo daga coci. Direban ofishinsu ya sayo wata kwalba a kasuwar Masaka, wai wankin ciki. Ga sabara, ga bagaruwa, ga kurkum da zuma. Kun dai san halinmu, wanda ya kawo magani sai ya bugo waya ya ji ko an sha. In na ce ba a sha ba, na raina shi ke nan. In yaya ce kuwa, sai a ce ba na son ƙaninta ya warke. Haka zan dafa, in tace, in yi bisimilla in miƙa masa, shi kuma ya runtse ido ya shanye don kada wahalata ta tashi a banza.

Ya daina zuwa jam'i saboda alwala ba ta zama. Cunkoson hanyar Nyanya ya zame masa abin fargaba. Da hannuna na kai wandunansa tela ya rage su. Sai ranar da jiri ya kayar da shi a bakin mota, a gaban yara, sannan muka nufi asibiti, aka yi masa ƙarin jini.

Bayan an duba hanjinsa da na'ura, likitar ta zaunar da ni. Ta ce ba basir ba ne, garkuwar jikinsa ce take faɗa da babban hanjinsa har ya kumbura ya yi gyambo. Na zazzage mata magungunan gargajiyar da na zo da su a jakata. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi sa ni kuka ke nan. Ta ce akwai tsirrai irin su kurkum da masana ke binciken yadda suke lafar da kumburi, amma da awo ake yi, tare da maganin asibiti, da sanin likita. Wankin cikin nan kuwa, ta ce, kamar goga barkono ne a kan rauni.

Yau yana kan magani. Ciwon yakan lafa, ya taso. Na gaji, amma alhamdu lillahi yana raye. Ban daina ganin darajar itatuwan da Allah ya halitta ba, kuma ba na zargin kowa, ƙauna ce ta kawo su. Sai dai 'yan'uwa mata, in an ga jini, a je a duba kafin a raɗa wa ciwon suna. A karɓi ƙulli a yi godiya, amma ba dole ne a ɗora tukunya ba.

Kwanan baya ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi. Ina shafa mata kai aka yi sallama a ƙofa, sai ta riƙe mini zani ta ce, "Umma, kar ki gaya wa baƙi ba ni da lafiya."