Agwagwar da ta zo da zobe a ƙafa

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Ƙofar Marusa, akwai wani dattijo ɗan Filato da muke aiki ofis ɗaya. Mutumin kirki ne, sai dai yana da wata ɗabi'a da muka mayar abin dariya. Da sanyi ya shigo, kowace Asabar da sassafe zai rataya madubin hangen nesa ya tafi bakin tafki a bayan gari ya zauna yana kallon tsuntsaye. Ba ya harbi, ba ya kamu, kallo kawai, sai ɗan littafi da yake rubutu a ciki. Cewa yake wasunsu baƙi ne, daga ƙasashen ƙanƙara suke gudowa. Ni ne kan gaba wajen tsokanarsa. Nakan ce, "Oga, ka tambaye su fasfo?"

Wata ranar Juma'a da la'asar, maƙwabcina mai farauta ya aiko mani da 'yar agwagwar ruwa da ranta a cikin kwando. A raga ya kama ta. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara wasa wuƙa. Matata ta ɗago ta za ta miƙo mani, sai ta sake ta da sauri.

"Malam, dubi ƙafarta. Wannan an yi mata aiki."

Zoben ƙarfe ne ɗan siriri, da lambobi da rubutun boko a jiki. Ta ce ita ba za ta dafa ba, ba kuma za a ci a gidanta ba. Na yi mata dariya, na ce camfi ne. Amma gaskiya ni ma ban sake ɗaukar wuƙar ba.

Sai na tuna da dattijon. Na ɗaura kwandon a bayan babur na tafi gidansa. Bayan mun gaisa na buɗe masa. Ya daɗe yana jujjuya ƙafar a hankali kafin ya yi magana. Ya ce masu nazarin tsuntsaye ne a Turai suke sa masu zoben, don a san inda suke zuwa idan ruwan can ya daskare. Ya ce tun yana saurayi yake fatan ya ga ɗaya da idonsa.

"Malam, ka yi mani alfarma, kada ka yanka ta."

Na ce kyauta ce aka ba ni, idan maƙwabcina ya ji na saki, mi zan ce mashi? Ya ce to mu je tare a faɗa masa.

Washegari da safe muka saki agwagwar a bakin tafki, bayan dattijon ya kwafe lambar zoben. Ba ta ko waiwayo ba. Daga nan muka wuce zauren maƙwabcina, ina ta shirya ban-haƙuri a raina. Ya saurare mu yana jin ɗumi, sannan ya ce, "Au, don wannan ƙarfen ne?" Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, ya zazzage a kan tabarma. Zobba ne, wasu sun dushe, wasu kamar jiya aka ƙera su. Ya ce tun zamanin mahaifinsa suke cirewa suna ajiyewa, ba su san amfaninsu ba, ba su kuma ga dalilin zubarwa ba.

Na kalli dattijon, ina jiran ya yi murna ko ya yi faɗa, tunda kowane zobe a nan tsuntsu ne da ya ƙare a tukunya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya cire takalmi ya zauna, ya ciro littafinsa, yana ɗaukar zobe yana tambaya, "Wannan a ina? Wane wata?" Maƙwabcina kuwa yana tuna da yawa daga cikinsu, har da launin fiffike. Sun kai azahar a haka. Ni aikina zuba shayi.

Daga baya an yi wa dattijon canjin wurin aiki, ya koma gida. Maƙwabcina bai daina farauta ba, ban kuma ce ya kamata ya daina ba, da ita yake ci da iyalinsa. Abin da ya tsaya mani shi ne, a garin nan aka haife ni, amma cikinmu ukun nan ni kaɗai ne ban san komai a kan tafkin ba. Ɗaya ya san shi da ido, ɗaya ya san shi da raga. Ni da nake da bakin tsokana, hanyar zuwa wurin ma a ranar na fara sani.