Wanda Ya Riƙe Igiya

A gidanmu na Umdurman, ƙetaren kogi da Khartum, can yamma wajen Kasuwar Libiya, wutar lantarki ba ta da zama. Da an sallame sallar isha'i sai ta ɗauke, mu kuwa ko a jikinmu, don ɗaukewarta ce ke fito da Kaka tsakar gida. Sai ta jawo kanun, murhun gawayin da take dafa gahawarta a kai, ta zauna bakin gado, ta zuba gyaɗa a kasko tana motsawa da cokali. Mu uku mu kewaye ta: Yaya Usman babbanmu, ni, da ƙaninmu Sale wanda barci ke sacewa tun labari bai yi nisa ba.

Iyayen Kaka sun baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a yankin Jazira, kudu da Khartum, suka tsaya tsinkar auduga, tsayawar da ba su sake tashi ba. Wataƙila shi ya sa jarumin tatsuniyoyinta matafiyi ne. Sunansa Mai-Rijiya. Wai fari ya afka wa garinsu, sai ya haƙe rijiyar garin da ruwanta, ya goya ta a baya, ya nufi gabas. Duk inda ya yada zango mutane su taru su sha, shi kuma ba ya iya tashi ya bar mai ƙishi.

Kaka tana da wata al'ada da ban taɓa gani wurin kowa ba. Ba ta fara tatsuniya sai ta raba mana matsayi. Za ta ɗauki gyaɗa mai zafi ta sa maka a tafin hannu, ta ce kai ne wane, kuma shi ke nan, babu musaya. Ni kullum akuya nake samu, wai don bakina ba ya hutawa. Sale zakara. Yaya Usman kuwa Mai-Rijiya, ko da yaushe, ina jin haushi ina haɗiyewa.

Yaya Usman yana da hannun zane tun yana ƙarami. Gawayin Kaka yake sata ya cika bango da mutane, Baba ya yi masa bulala, gobe ya sake. Burinsa ɗaya ne, kuma bai ɓoye wa kowa ba: ya haye kogi ya shiga kwalejin zane a Khartum, daga nan ya wuce duniya. "Ni ba zan tsufa a layin nan ba," haka yake cewa. A Kasuwar Libiya akwai masu shimfiɗa tsofaffin mujallu a ƙasa, a nan yake tsinto na zanen jarumai da aka mayar Larabci, bangonsu a yage, ya ɓoye su ƙarƙashin katifa.

Wata shekara ya samo wasu a jere masu labari ɗaya. Jarumai daga duniyoyi daban-daban, har da waɗanda aka ciro daga tsofaffin tatsuniyoyin wasu al'ummu, sun haɗu don yaƙar wani abu da ke haɗiye taurari. Ta ƙarshen ce kawai babu. Ya zaga kasuwar har ƙafarsa ta yi kanta bai same ta ba. Ranar ya zo gaban kanun yana huci, ya sauke fushinsa kan Kaka, wadda yake kira Habboba, wato kaka da Larabcin garin.

"Habboba, kowa an gayyaci jaruminsa. Naki fa? Yana can yana shayar da jakuna."

"Wa ya ce ba a gayyace shi ba, ya walad, kai yaro?" in ji Kaka. "Masu mujallar ne ba su da labari. Kawo in gani."

Ta karɓa ta riƙe ta a juye, tana duba hotunan da hasken gawayi. Wani ta ce ya rufe fuska kamar ɓarawo, wani ta ce ya yafa mayafi ko kunya ba ya ji. Da ta gama yi musu tsiya sai ta ce mu miƙo hannu. Ta raba gyaɗa, ta gyara murya.

"Ga ta nan tafe da ƙura a ƙafa."

"Ta shigo ta sha ruwa," muka amsa, yadda ta koya mana.

Wai abin nan da ba shi da suna ya yi ta haɗiye taurari har sama ta yi baƙi ƙirin. Masunta suka kasa gane hanya a kan kogin Nilu. Sai jaruman duniya suka taru a Mugran, inda farin kogi da shuɗin kogi ke haɗuwa, kowa da makaminsa. Tashi sama ba wuya a gare su. Dawowar ce matsala, don a cikin duhun nan duk wanda ya hau ba zai ƙara sanin inda ƙasa take ba. Suna cikin gardama sai ga Mai-Rijiya ya iso a makare, don ya tsaya shayar da wasu a hanya. Ya sauke rijiyarsa, ya zaro igiyar gugansa wadda ba ta ƙarewa, ya ɗaura wa kowannensu a ƙugu, ya naɗe bakinta a hannunsa, ya kafa ƙafa. Ya ce su hau, yana nan.

Suka hau. Igiya ta yi ta fizga, ƙafafunsa suka nutse har gwiwa, tafin hannunsa ya tsage, bai saki ba. Can sama jarumai suka farke cikin abin, taurari suka zubo suka koma mazauninsu. Da haske ya dawo kowa ya hango hanyar gidansu. Sai suka kwance igiyar, suka rataye ta a ƙahon jinjirin wata, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa a ƙasa yana jin igiya a miƙe, ya ɗauka suna can suna fama.

"Har yau yana nan riƙe," in ji Kaka, ta sauke kaskonta.

Yaya Usman ya miƙe tsaye. "Bas? Shi ke nan? Ko naushi ɗaya bai kai ba? Ni ba na son wannan. Ki ba Sale."

"An riga an sa maka a hannu," ta ce. "Ka kuma cinye."

Na tambaye ta me ya sa babu wanda ya sauko ya gaya masa an gama. Ta ce akuya ba ta tambaya, muka yi dariya. Sai kuma ta daina dariyar, ta ce, "Kowa ya ɗauka wani ya gaya masa."

Washegari muka tashi muka tarar da Mai-Rijiya a bangon ɗakin girki, jijiyoyin hannunsa a tashe, igiya ta miƙe har bakin rufi. Bai taɓa zana abin da ya kai shi kyau ba. Baba ya daɗe tsaye gabansa, ya wuce ya bar zanen a bango.

Ba a jima sosai ba ciwon ƙirji ya kwantar da Baba. Yaya Usman ya ajiye makaranta, ya shiga garejin fenti a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, wai na ɗan lokaci. Kogin dai ya haye shi kullum, amma ba zuwa kwaleji ba. Furanni da idanu yake zanawa a bayan motocin haya. Da guminsa na yi jami'a, da shi Sale ya tafi Kano wurin dangi ya kafa sana'a. Shi ya yi jinyar Baba, shi ya sa Kaka a kabari. Da yaƙi ya shigo birni, shi ya nemo mana mota ni da mijina da 'ya'yana zuwa Masar, ya ɗora mana kaya, ya ja baya ya tsaya bakin titi. Ya ce wani dole ya zauna da gida.

Ina son Kaka, Allah ya jiƙanta, amma zan faɗi gaskiya: ina jin haushinta. Tatsuniya ce fa, ba abin da za ta rasa. Da ta bar shi ya hau sama ko sau ɗaya, ya kai naushinsa, ya dawo ana yi masa guɗa. Yaro ne mai son tashi, ta ɗauki nauyi ta sa masa a hannu da zafinsa, shi kuma ba mai zubar da abin da aka ba shi ba ne. Wani lokaci kuma sai in ce a'a, ta dai riga mu ganin halinsa ne, kuma labarin ba don shi ta yi ba, don ni da Sale ne, mu da za mu hau. In haka ne, ɗayanmu barci yake yi, ɗayar kuma tana ta dariya. Ko wanne ne gaskiya, baƙin cikin bai ragu ba.

Yanzu sai a yi kwanaki ban ji muryarsa ba, don waya ba ta samuwa. Da na same shi kwanan baya na roƙe shi har da kuka.

"Yaya, don Allah ka taho. Kowa ya fita, ba wanda ya rage."

"Ya Zainabu, in na taho wa za ku tarar in kun dawo?" ya ce. "Na gyara rufin ɗakinki ma. Ruwa ba ya zuba yanzu."

'Ya'yana sun shiga makaranta a nan, mijina ya sami aiki. Sale ya yi aure a Kano, ya gina gida. Ni da Sale mun yi maganar tsakaninmu, babu mai niyyar komawa. Na buɗe baki in gaya masa, sai na ji ina tambayarsa wane irin fenti ya yi wa ɗakin.

"Shuɗi," ya ce. "Wanda kike so."