Goyo a Ƙarƙashin Hijabi

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da Inna, uwar mijina, za mu Bici duba yayarta da ke kwance. Jaririna na goye, na lulluɓe shi da dogon hijabina saboda sanyin safiya. Lokacin nan ne da bam ke ta tashi a birni. Gero ya yi tsayi dama da hagu, amma ko mutum ɗaya babu a gona. A tasha mai ƙosai ma ba ta fito ba. Direba ya ƙara kuɗin mota, wai na fargaba ne. Ba wanda ya yi dariya.

Gab da Bici muka tarar da shinge: buhunan yashi, ganguna, 'yan sanda. Aka ce kowa ya sauko, hannu sama. Muka jeru tsit, ba ka jin komai sai shuuu ɗin oba-oba, rediyonsu na hannu.

Sai wani ɗan sanda ya nuno ni. "Ke mai hijabi, tsaya nan! Kowa ya ja da baya!"

Nan take fili ya buɗe kewaye da ni. Na ji yana faɗa wa oba-oba: "Akwai wadda ake zargi. A killace wurin, a turo masu kwance bam." Har na waiga in ga wadda ake zargin. Ashe ni ce.

"Mene ne a bayanki?"

To, ɗan fari ne. Mu a wajenmu ba a cewa ɗan fari naka ne, balle a gaban suruka. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Bakina ya ƙi buɗuwa. Na kai hannu zan ɗage hijabin su gani da kansu.

"Kar ki taɓa! Hannu sama!" Na ji an ɗana bindiga. Yaron kuwa barcinsa yake, ko motsi ba ya yi, ranar da na fi son ya yi kuka.

Daga can nesa Inna ta ƙwala ihu: "Ke 'yar nan, yi magana! Kunyar me? Na yafe!"

"Ɗana ne! Wallahi ɗana ne, yallaɓai!"

Wata 'yar sanda ta matso a hankali, ta ɗage hijabin da kan sanda, ta ga 'yan ƙafafu biyu. "Goyo ne. Babu barazana, a janye."

A Bici muka duba mara lafiya, aka dama mana fura. Da la'asar muka juyo gida. A mota Inna ta ce, "Ashe dai naki ne, na ɗauka aro kika yi."

Mun iso lafiya, alhamdu lillahi. Na koyi cewa a zamanin nan shiru ma kashe mutum yake. Yanzu ko rijiya za ni, kansa a waje yake, kowa ya gani.