Ranar da Rabaran ya sa wa Fiƙihu hannu

Har gobe ban manta da safiyar da sabon Magatakarda ya dube ni ya ce darasin da nake koyarwa babu shi a jami'ar ba. Ni mutumin Birnin Kudu ne, aiki ya kai ni wata jami'a ta coci inda ilimin addini yake dole ga kowane ɗalibi. Kiristoci suna da nasu, 'yan Musulmin da ke ciki kuma ni nake koya musu Fiƙihu.

Da farko darasin addini yana hannun Rabaran, limamin cocin makaranta. Aka mayar da darasin Sashen Karatun Bai-ɗaya, daga nan Tsangayar Ilimi. Duk sauyi sai a yi addu'a, a kafa kwamiti, a sha lemo, a watse. Na Kiristoci ya bi kowace ƙaura, nawa kuwa kullum "za a duba". Tsohon Magatakarda bai damu ba, duk shugaban da ya sa wa sakamakona hannu karɓa yake. Sabon ya ce sai shugaban da darasin yake ƙarƙashinsa.

A shekarar Musulma ɗaya ce za ta kammala, Sa'adatu, 'yar Zandam ta ƙasar Gwaram. In babu sa hannun, babu ita a bikin yaye ɗalibai. Babanta kuwa har ya ɗauki shatar mota, ya gayyaci dangi.

Na je Tsangayar Ilimi, shugabanta ya ce, "Malam, ba a ba mu shi ba." Na je Bai-ɗaya, suka ce sun sallama tuni. Wallahi raina ya ɓaci, shekara da shekaru ina fasa maƙogwaro a aji, ashe darasi marar uba nake koyarwa.

Don huce haushi na biya wurin Rabaran. Ya gama ji, ya ce, "To in ba wanda ya karɓa, ai yana hannuna har yanzu. Amma ni ba na shaidar abin da ban sani ba. Kira min yarinyar."

Sa'adatu ta zauna tana yi masa bayanin farillan alwala da rabon gado, yana tambaya kamar ɗan aji ɗaya, ni ina gefe ina zufa. Da ta gama ya sa hannu. Na kai wa Magatakarda takardar, ya juya ta, ya karɓa.

Ranar biki babanta ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, wai da gaske fasto ne ya shaidi karatun 'yata?" Na ce da gaske ne, Alhaji.

Ku da kuke fara aiki, in an sauya tsari ku tambayi abin da aka bari a baya, domin mutum ne a ciki. Kwamitin da aka kafa wa darasina, har na yi ritaya bai zauna ba.