Nauyinsa na Bara

Ina zaune a shagon mai kekuna, ina jiran a yi mini faci, ga wani mutum can yana zaɓen fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, don kekensa na hawan dutse. Dogo ne, riga ta yi masa yawa, agogo na yawo a tsintsiyar hannunsa. Ya san abin da yake so: fok mai shakazoba, mai nutsawa ya shanye gargada, wanda ake murɗa maɓalli ya gajarta in za a hau tudu, ya tsawaita in za a gangara. Sai murɗa maɓallin yake, da hannun wanda ya daɗe a harkar.

Matarsa na bakin ƙofa, rungume da ƙaton ambulan na takardun asibiti. Ta ƙi shigowa.

An ɗaura fok. Irin wannan, iska ake ba shi daidai nauyin mai hawa.

"Kilo nawa kake, yallaɓai?" in ji mai shago.

"Tamanin da biyar."

Mai shago ya dube shi, ya buga iskar. Mutumin ya hau, ya danna iya ƙarfinsa. Fok ko gezau. Ina jin nauyinsa na bara ya faɗa, kafin ciwo ya cinye shi.

Mai shago ya rage iska, kansa a ƙasa. Ya ƙara ragewa, ya sake ragewa. Sai a karo na huɗu fok ɗin ya nutsa.

Mutumin ya waiwayi matarsa yana haki. "Kin gani? Sabo ne, shi ya sa ya yi tauri."

"Haka ne, maigida," ta ce, ta mai da fuskarta titi.