Liyarin da na narkar

Kafin in lalace ni maƙerin fari ne a Cadawa, kuma ba yabon kai ba, kunnena ya fi ma'aunina aiki. Idan aka kawo mini liyari, tsohon kuɗin azurfan nan mai kan mace da matan Fulani ke ratayawa a wuya, sai in cilla shi kan dutse. Azurfar gaskiya ƙararta doguwa ce, jabu kuwa ƙwas yake yi ya yi shiru. Daga nan in duba gefensa, in ga yadda hoton ya suɗe, in faɗi darajarsa. Mutane sun yarda da bakina, kuma yardar nan na fara ci.

Da ƙaramar ƙarya na soma. In ga liyari mai kyau in taɓe baki, in ce ya suɗe ba ya da wani kuɗi, in saye shi arha in kai Maraɗi. Da na ga ba wanda ya farga, sai idona ya buɗe, na koyi shafa wa tagulla ruwan azurfa. Duk wadda ta kawo nata gyara, da jabu take komawa gida, har tana sa mini albarka.

Wata ranar kasuwa wata dattijuwa, Inna Hajo, ta zo daga rugarsu. Ta kwance bakin zane ta ciro liyari ta ce, "Ɗana, sa mishi sabon kunnen ratayawa, ɗiyata zan ba, ta haihu." Liyarin ya suɗe har fuskar matar ba ta fita sosai, amma ƙararsa ban taɓa jin mai daɗinta ba. Na goge jabu da yashi har ya yi kama da shi, na ba ta. Nata kuwa na narkar na yi zobba.

Da bazara ta yi zafi, zufa ta cinye ruwan azurfar, wuyan ɗiyar ya yi kore. Ɗan Inna Hajo ya zo da jandarma, suka tarar da jabu cike da gwangwani a maƙerata. Na sha gidan kaso. Matata ta koma gidansu, maƙerar ta zama wurin ɗaure awaki.

Da aka sake ni na nemi rugar, kunya kamar ta kashe ni. Na durƙusa na ce zan yi ƙwadago in biya azurfar. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

"Azurfa na yafe maka," in ji ta. "Amma suɗewar nan, ƙirjin innata da na kakata suka yi ta. Ita da mi za ka biya?"

Na tuba, yanzu fatanya da garma nake gyarawa a Gazawa. Ku samari masu koyon sana'a, idan mutum ya miƙo muku abinsa ya ce ku faɗi darajarsa, ku faɗi gaskiya ko da za ku kwana da yunwa. Ni kaso ya sake ni, amma tambayar tsohuwar nan har yau ba ta sake ni ba.