Kyanwa da Ɓera a Ɗaki Ɗaya

Kakata Ige ba ta yarda da abin da ya cika kama da ɗan'uwansa ba. Ko goro aka kawo mata, in ta ga duk kansu ɗaya, sai ta fasa guda ta leƙa cikinsa. A gidanmu na wajen Burkusuma, da an gama girbi sanyi ya sauko, ita ke hura wutar kara a tsakar gida bayan tuwo, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira "maigida", amma wannan sarautar ba ta taɓa hana ta murɗe mini kunne ba.

Shekarar da aka sa ni firamare, malaminmu yakan jera mana kalmomin Turanci ɗaki-ɗaki a allo, masu tsawo ɗaya da ƙarshe ɗaya. Mukan rera su kamar waƙa. Wata rana ina jiran ta fara tatsuniya, sai bakina ya kama da kansa: "Cat, rat, mat, hat."

Ta dakata da gyaran wuta. "Maigida, wane surkulle na wanga?"

"Karatu na, Kaka."

"To mi sunka ce?"

Na ce wallahi ban sani ba. Ta ce baƙon da bai faɗi asalinsa ba, ba ya kwana gidanta. In ban zo mata da ma'anarsu ba, makaranta ta ƙare, in koma bin awaki. Babana yana yawon fatauci, kuma ko yana nan ba ya tsallake maganarta. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina.

Sai ta ce, "Ga ta nan tahe, kowa shi kama kunnenai." Ta ba mu labarin wasu kuraye uku da suka rikiɗe suka zama mutane, suka sa wanzami ya yi musu tsagen Gobirawa. Suka shigo wani gari, tsawonsu ɗaya, fuskarsu ɗaya. Maigari na ganin tsage ya ce ai na gida ne, ya damƙa musu garken awaki. Wata tsohuwa ta yi magana, aka ce tsufa ne. Da awaki suka fara raguwa, sai ta kira baƙin ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowanne sunan rijiyar garinsu. Baki uku, rijiya uku. Nan asirinsu ya tonu, suka ruga daji da wutsiya a waje. "Tsage na wanzami na," in ji Kaka. "Asali sai an tambaya. Kan kusu ya ƙone, ku tashi."

Washegari na tare malam, ya zana mini hoton kowace kalma a ƙasa. Da yamma na zo da ƙafafa, na ce ta farko kyanwa, ta biyu ɓera, sai tabarma, sai malafa. Na ɗauka za ta yaba. Ina!

"Mussa da kusu ɗaki guda? Wanda yah haɗa su yac ce 'yan'uwa na, akwai abin da shika ɓoyo. Za ni bincike."

Binciken nata irin na tsohuwar tatsuniya ne: a nemi baki na biyu. Ta jira Baffa Labbo, ƙanen babana, wanda ke kai kaya Maraɗi a babur, kowa kuma ya san yana jin yaren Nasara. Yana zama bakin wuta, ta hana ni buɗe baki, ta tambaye shi.

"Labbo, mi Nasara ka ce ma mussa?"

"Sha, Inna."

Ta juyo ta dube ni, idonta har yana ƙyalli. "Ka jiya? Baki biyu, rijiya biyu! Gobe ka kwance awaki."

Na fashe da kuka. Baffa ya rasa inda aka dosa, sai da aka warware masa, ya yi dariya har da tari. Ya ce ai Nasaran biyu ne: wanda ya zauna wancan gefen iyaka da yarensa, na wannan gefen da nasa, kuma ba sa jin juna. Shi na can ya iya, wato Faransanci, ni na nan ake koya mini.

Kaka tana da ƙanwa da ke aure bayan iyakar, uwa ɗaya uba ɗaya, amma takardunsu daban. Sai Kaka ta ce, "Ashe su ma ba su san juna ba, sunka zo raba mu." Ta tura kara cikin wuta. "Ka koma. Amma duk kalmar da ka ɗauko, nan za ta hwaɗi sunanta kahin ta shiga ɗaki." Haka kuwa aka yi. Har na kai ga masu haruffa huɗu da biyar, babu wadda ta wuce ba ta gaishe ta ba.

Yau ni ke koyar da Turanci a Isa, kuma ɗaki-ɗaki nake jera kalmomin, don hakan ya fi zama a kan yara. Da can ina ba abokai labarin Kaka don a yi dariya. Yanzu na daina. A ajina akwai yaran da suka gudo daga ƙauyukansu, kuma wasunsu sun ce wanda ya nuna wa 'yan bindiga hanya mai tsagenmu ne, mai maganarmu, ana sallah sahu ɗaya da shi. Abin yana ci mini rai, don ban so tatsuniyarta ta zama gaskiya haka ba. Shi ya sa ba na barin yaro ya rera abin da bai san ma'anarsa ba.

Ganina da ita na ƙarshe, tana kwance, ido ya tafi. Ta lalubo hannuna.

"Maigida, mussa da kusun nan, har yanzu ɗaki guda suke?"

"Suna nan, Kaka."

"To ka riƙa sa ido."